Kwanon Awon Kawu

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Na maimaita wannan kalma a ranar har bakina ya bushe, amma baki ne kawai yake faɗa, zuciyata ba ta yarda ba.

Ina cikin aji ina koyar da yara aka leƙo aka ce in fito, wai Kawu ya faɗi a ƙofar kamfani. Na ce wane Kawun? Domin a sanina Kawu, ƙanin mahaifiyata, ba ya faɗuwa. Mutumin da ko zazzaɓi a tsaye yake yin sa. Da safen nan ya biyo ta ƙofar gidanmu, ya leƙa ya ce wa Inna ta ajiye masa ɗumamen tuwo, zai dawo ya ci. Kafin in isa asibiti an riga an rufe masa fuska. Waɗanda suke wurin sun ce yana cikin auna riɗin wani manomi mutumin Wurno, ya cika kwano ya ɗaga, sai ya miƙa wa manomin ya ce, "Riƙe min wannan." Ya jingina da buhu. Shi ke nan.

Mijina ya ce manomin nan ya bi gawa har maƙabarta da kwanon a hannunsa, bai san wanda zai ba wa ba. Da aka dawo ya tsaya a zaure ya ce a kira masa babbar gidan. Inna ta fito. Ya durƙusa ya miƙa mata kwanon da hannu biyu, ya tashi ya tafi. Inna ta koma cikin mata ta zauna da kwanon a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ɗumamen ma ta hana a taɓa shi, yana nan a rufe har ya lalace.

Gidan Kawu bai ɗauki mutane ba, sai da maƙwabta suka buɗe nasu. Mata suna shigowa ba sa ma iya gaisuwa daidai, sai su zauna su riƙe haɓa. Wata ta ce jiya-jiyan nan ya tsokane ta a kan hanya. Wata ta ce ita sai ta ga kabarin za ta yarda. Wata tsohuwa da ta taso tun daga Kiyako ta dafa kafaɗar Inna ta ce, "Hajiya, to yanzu wa zai auna mana?" Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, an yi mutuwa, ke ta riɗinki kike yi? Sai daga baya na gane tambayar da kowa yake ɗauke da ita ke nan, ita ce dai kawai ta iya faɗa.

Ga wanda bai san Kawu ba, sai in yi masa bayani. Kamfanin riɗi ya kafa. Yana sayen riɗi a hannun manoma, a gyara shi a inji, a zuba a buhu, a kai wa masu fitar da shi waje. Ƙofa biyu yake da ita, babba a nan Birnin Kudu, ƙarama a Gwaram. Da zai fara ba shi da kuɗin inji, sai ya bi mutane gida-gida ya ce kowa ya kawo abin da zai iya, a ba shi hannun jari, duk ƙarshen kaka a raba riba. Malaman makaranta sun saka, mahauta sun saka, mata masu ƙuli-ƙuli sun saka. Inna kuwa shanun da ta gada ta sayar kaf, ba ta bar ko maraƙi ba. Tun da mahaifinmu ya rasu, ribar nan ce cinta, ita ce suturarta, ita ce maganin hawan jininta na kowane wata. Ban da ita ba ta da komai sai 'yar gayauna a Kiyako. Ni albashin malamar firamare nake ɗauka, na san iya inda yake kai ni.

Abin da ya ɗaukaka Kawu ba wani abu ba ne, awo ne. Duk wanda ya taɓa kai amfanin gona kasuwa ya san yadda masu awo suke yi. Sai su cika kwano ya yi tozo, su sa hannun hagu su tare gefensa, su ƙara tulawa a kan hannun, kafin ka ankara kwano ɗaya ya ɗauki na ɗaya da rabi. Manomi yana kallo, ba yadda zai yi. Kawu idan zai yi awo sai ya mayar da hannun hagunsa baya, ya ɗora a kan ƙugu kamar mai ciwon baya, ya ɗebo da dama kawai. Yakan ce, "Abin da kwano ya riƙe da kansa shi ne namu. Abin da ya zubo na mai shi ne." Akwai sikeli a kamfanin, babba, amma manoma ba su yarda da ƙarfen da ba sa gane maganarsa ba. Kwanon suke so, kuma a hannunsa.

Saboda haka kullum da kaka yana ƙofa, a kan buhu, ba a ofis ba. Duk buhun da aka kwance sai ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo na ƙasa, ya watsa kaɗan a baki. Ban taɓa ganin gemunsa babu ƙwayar riɗi a ciki ba. Matarsa ta yi mita har ta gaji. An kira shi gidan rediyo ya yi magana, an gayyace shi taro a manyan garuruwa, an ba shi lambar yabo ta katako mai sheƙi, ya kawo ta ya tokare ƙofar sito da ita don iska tana rufe ta.

Wata rana ina yarinya, an aike ni kai masa fura, na tarar wani mutum ya kawo buhu. Kawu ya cusa hannu, ya fito da shi, ya murza yatsu. Ni kaina daga inda nake na ga yashi. Mutane suka zuba ido ana jiran a ci mutuncinsa. Sai Kawu ya ce, "Kai, Malam, a ƙasa ka kakkaɓe shi ko? Shimfiɗarka ta yage. Ga rariya can, zagaya bayan sito ka tankaɗe, ina jiran ka." Mutumin ya zagaya, ya daɗe, ya dawo buhun ya ragu sosai, idonsa ya yi ja. Kawu ya auna masa, ya ba shi sabon tampol kyauta. Wannan mutumin na cikin waɗanda suka haƙa kabarinsa.

Amma kada in mayar da shi waliyyi. Yana da zafi. Abu ɗaya da yake tayar masa da hankali shi ne ya ji an ce "kamfanin Alhaji." Ya taɓa tsayar da taron shekara cak saboda wani ya miƙe yana kirari yana cewa in ba shi ba kamfani. Kawu ya ƙwace lasifika ya ce, "Zauna, ba ka san abin da kake faɗa ba. Wannan zagi ne. Kamfanin nan naku ne, har da waccan tsohuwar mai faɗa," ya nuna Inna. Mutane suka yi dariya suka tafa, suka fita suna cewa kai, Alhaji akwai tawali'u, kamfanin Alhaji sai Alhaji.

Ranar da aka yi rasuwa da yamma, ina raba ruwa a tsakar gida, na lura da wata dillaliya da muka sani tana zagayawa cikin mata. Ta zauna kusa da wannan ta yi gaisuwa, ta sunkuya ta yi raɗa, ta matsa gaba. Da ta iso wurin Inna na matso. Cewa take wai wani attajirin Kano, ɗaya daga cikin manyan masu sayen riɗi, ya tausaya wa masu hannun jari, zai saya daga duk mai son ya tsira da wani abu. Kuɗi a hannu. Amma ba a farashin jiya ba, domin jiya Alhaji yana raye.

Na ce, "Baiwar Allah, ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba."

Ta ce, "'Yar nan, ni aike ce. Kuma gaskiya ce, ko ba daɗi."

Na kore ta, har da nuna mata ƙofa. Amma maganarta ta zauna min a ƙirji. Ranar sadakar uku ta dawo, farashin ya koma rabi, kuma ta ce daga sadakar bakwai attajirin zai janye hannunsa. Mahauta suka sayar. Wasu malaman makarantarmu suka sayar, suna sunkuyar da kai idan mun haɗu. Na rasa yadda zan fahimci abin. Inji yana nan ba abin da ya same shi. Sito yana nan, motoci suna nan, riɗi ya yi kyau bana yana jingine a gonaki dami-dami. Ba gobara aka yi ba. Mutum ɗaya ne ya jingina da buhu, sai ga rabin dukiyar mutane ta tafi. Ashe rabin kamfanin a cikin rigar Kawu yake, da shi aka binne.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na samu Inna a ɗaki na ce, "Inna, ki sayar. Rabi ya fi babu. In aka wuce bakwai ko wannan ba za ki samu ba."

Ta ce, "Wa zai riƙe kamfanin?"

Na ce, "Ɗansa mana. Shi ya sa nake cewa ki sayar."

Babban ɗan Kawu taubashina ne, tun muna yara nake tsokanarsa. Mutum ne shiru-shiru, ya yi karatu, ya iya inji, ya iya magana da masu fitar da kaya waje, amma idan ya gaishe ka sai ka ɗauka bashi ya zo tambaya. Ba shi da fara'ar ubansa ko ta sisin kwabo. Nakan ce masa ko akuya ba za ta kawo masa riɗi ba. A ranar ba wasa nake ba.

Inna ta juya kwanon a cinyarta.

Akwai wata rigima da ya kamata in faɗa, domin ita ce kaɗai na taɓa ganin Inna da Kawu sun yi. Kaka biyu da suka wuce, haka kawai Kawu ya daina zama a ƙofa. Ya sa ɗansa a ta Birnin Kudu, ya sa wani ma'aikaci da ya horar a ta Gwaram, shi kuma ya koma gona yana duba rogo. Gari ya ɗauka. Mata suka riƙa sallama wa Inna suna cewa ƙaninki ya yi kuɗi, ya daina haɗa hannu da talaka. Inna ta aika a kira shi. Ya zo, ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan ta fara.

"Auta, me nake ji a gari?"

"Yaya, hannu ne yake min ciwo."

"Hannun da ka share min kwano da shi yanzu?"

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya daina. Ya ce, "Yaya, ki bar su su saba da yaron."

Ta ce, "Su saba da shi kana raye kana yawo da ƙafarka? Ni da na sayar da shanuna, saboda ɗanka na sayar? Kai na gani. Kowa kai ya gani."

Ya ce, "Abin da yake hana ni barci ke nan."

Ta ce ita ba ta san wannan ba. Ta ce Iya ba ta haife su don su yi wa mutane girman kai ba, in kuwa bai koma ƙofa ba kada ya sake taka mata gida. Ni ina gefe ina danne dariya, ganin mutumin da ake kira a rediyo an tsare shi kamar ɗan aji uku. Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana cire riɗi daga gemu. Can ya ce, "To. Birnin Kudu zan koma, tunda ke kika ce. Amma Gwaram ki bar min ita." Inna ta ce Gwaram can ta matse musu. Washegari ya koma kan buhunsa, ɗansa ya koma ofis, gari ya yi ta sa wa Inna albarka. Gwaram kuwa bai sake zama a ƙofarta ba, sai dai ya wuce a mota.

Ana gobe sadakar bakwai, bayan la'asar, taubashina ya shigo gaishe da Inna. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ko tsokanarsa ban iya yi ba. Inna ta tambaye shi aiki.

Ya ce, "Gwaggo, mun buɗe ƙofa tun bayan uku. Gwaram lafiya lau. Mutanen Farin Dutse sun zo, sun yi gaisuwa, sun yi addu'a, sun sauke buhunansu. Mota ma ba ta isar mu."

"Nan fa?"

"Nan ba kowa. Suna zuwa da amalanke, su tsaya a tsallaken titi su kalli ƙofar, su wuce kasuwa."

"Kasuwa? Wurin masu tarewa da hannu?"

"Eh."

Inna ta ce, "To me ya bambanta su? Ba riɗin ɗaya ba ne? Ba kuɗin ɗaya ba ne?"

Na ga ba ya son ya faɗa. Sai da ta sake tambaya ya ce a hankali, "Gwaggo, mutanen Gwaram sun saba ba sa ganinsa."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka ba. Inna ta buɗe baki, ta dube shi, ta dube ni, ta dubi kwanon. Ta ce, "Ni na mayar da shi." Ta sake cewa, "Yana yaye su, ni na mayar da shi." Sai kukan da ta riƙe tun ranar rasuwa ya ƙwace mata, irin kukan da ban ji ta yi ba ko a mutuwar mahaifinmu. Matan da suke tsakar gida suka shigo a guje suna ba ta haƙuri, suna cewa sai addu'a, ba su san abin da take wa kuka ba. Ni na sani.

Da safe aka yi addu'ar bakwai, aka raba waina da gumba. Dillaliya tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tun kafin a shafa, ta zo karɓar amsa. Na shirya zan sake roƙon Inna. Sai na ji tana cewa a fito mata da riɗinta na gayauna, wanda aka kawo daga Kiyako aka jingine a zaure. Buhu ɗaya ne, bai ma cika ba. Aka ɗora a baro. Ta yafa mayafi, ta saka kwanon a hammata.

Na ce, "Inna, ina za ki? Ƙafarki fa."

Ta ce, "In za ki zo ki zo. In surutu za ki yi ki zauna."

Ba ta bi gajeriyar hanya ba. Ta sa mai baro ya bi ta bakin kasuwa, tana tafe a bayansa a hankali, tana tsayawa tana amsa gaisuwar duk wanda ya yi mata. Wanda ya tambaye ta ina zuwa sai ta ce, "Awo zan kai." Dillaliya tana biye da mu. Kafin mu isa kamfani mun tara mutane a baya kamar masu rakiyar amarya, sai dai ba mai magana.

Ƙofar a buɗe take, ba kowa. Buhun da Kawu yake zama a kai yana nan inda yake. A tsallaken titi ga amalanke da babura ɗauke da kaya, masu su suna tsaye. Inna ta aika aka kira taubashina daga ofis. Ya fito da biro a hannu. Ta karɓi biron ta miƙo min, ta ba shi kwanon.

Ta ce, "Zauna."

Ya dubi buhun. Ya ce, "Gwaggo, a nan fa ya…"

"Na sani. Zauna ka auna min."

Ya zauna. Ya kwance bakin buhunta, ya cusa hannu, ya ɗebo ya watsa a baki. Ya cika kwano, riɗin ya yi tozo ya fara gangarowa. Sai ya mayar da hannun hagunsa baya ya ɗora a ƙugu, ya bar abin da zai zube ya zube. Wani a tsallaken titi ya yi salati.

Inna ta juya wurin dillaliya ta ce, "Ki gaya wa wanda ya aiko ki na gode. Ba na sayarwa."

Ni na san abin da ta saka a kan wannan kalma. Har yau da nake rubutun nan farashin bai koma inda yake ba. Wasu sun dawo ƙofar, wasu ba su dawo ba, kuma ba wanda ya san abin da za a raba a ƙarshen kakar nan, ko za a raba ma. Ina kallon kwalbar maganin Inna ina lissafi a raina. Allah ya jiƙan Kawu. Shi da bai taɓa sa hannu ya tare wa kansa ba, Allah ya cika masa mizaninsa har ya zuba, ya sa kabarinsa ya fi sitonsa yalwa.

Amma a ranar, da aka gama wa Inna awo, mutum ɗaya ya tsallako titi. Manomin Wurno ne, wanda ya riƙe kwanon. Ya tsaya a gaban taubashina ya ce, "Buhuna yana ciki. Ba a gama auna min ba."

Aka shiga aka jawo buhun, bakinsa a buɗe yadda aka bar shi. Taubashina ya ce, "Baba, nawa ya auna kafin nan?"

Manomin ya ce, "Ban sani ba. Ban taɓa ƙirga masa ba." Ya gyara tsayuwa, ya dube shi ido cikin ido. "Amma kai zan ƙirga."

Taubashina ya ce, "Ƙirga, Baba." Ya sa aka juye abin da aka riga aka auna aka mayar cikin buhun. Ya mayar da hannunsa baya, ya cika kwano, ya ɗaga.

Manomin ya ce, "Ɗaya."